Ni da Faccalata a Cikin Manyan Riguna

Cikina na fari ya zo mini a shekarar da muke ginin ɗaki na biyu, kuma nauyinsa ya zo tare da bazara. Duk abin da maigidana ya samo a kasuwar hatsi, bulo da kwano ne ke cinye shi. Ni kuma albashina na malamar lakwal, wato makarantar boko, ƴar kwantiragi bai wuce cefane da sabulu ba. Ba yunwa muke ji ba, amma maganar sabon ɗinki ko tasowa ba ta yi ba.

A lokacin kuwa ni ƴar gayu ce ta gaske. Kayan lefena duka Maraɗi na kai aka ɗinka. Na tsaya a kan tela na ce ya kama mini ƙugu, ya kama hannu, kada ya bar inda iska za ta ratsa. Haka kuwa ya yi, bai rage ko ɗan yatsa na yadi a ciki ba. Da ciki ya fara tasowa sai kayan nan suka riƙa ƙina ɗaya bayan ɗaya. Yau wannan ta ƙi wuce ƙirji, gobe waccan ta shiga amma ba damar yin numfashi.

Ranar da abin ya kai maƙura ina cikin aji ne, ajin masu shirin zana jarrabawa, rana ta take. Na rataye mayafina a kujera saboda zafi, na ɗaga hannu zan rubuta darasi a saman allo, sai na ji farmatir ɗin bayan rigata, wato zif, ya zuge kansa tun daga wuya har ƙugu. Na juyo da sauri na jingina da allo. Na dubi yara, yara suka dube ni. Na ce kowa ya rufe littafi, yau dikte za mu yi. A nan na tsaya ina karanto musu jimla bayan jimla suna rubutawa, bayana manne da allo, kujerar da mayafin yake tana can ɗaya gefen kamar a wani gari. Sai da aka tashi hutu suka watse na lallaɓa na ɗauka. Da na isa gida na tarar da rabin darasin jiya a bayana, da farin alli.

Gidanmu na gandu ne. Inna, mahaifiyar maigidana, tana tsakiya, sashen yayansa na hannun dama, namu na hagu. Matar yayan, faccalata, ƴar Bader Goula ce, ɗiyar manoma, mace mai faɗin fuska da dariyar da ake ji har waje. Ita ma ciki gare ta, na huɗu, kuma ta riga ni da ƴan watanni. Ita ta goge mini allin, tana dariya har sai da ta zauna a kan turmi ta riƙe cikinta. Ta ce abin da sauƙi, in yi yadda take yi: a gida ɗaurin ƙirji, in za a fita a zumbula hijabi har ƙasa, shi ke nan. Na ce mata ni ba zan shiga lakwal kamar buhun gero ba. Ta ce buhun gero ai shi ke ciyar da mu.

Mun gwada dabaru. Ranar kasuwa muka je wurin ƴan gwanjo muka yi ta tonon tsibi. Abin da ya shige ni duk kayan ƙasashen sanyi ne, masu kauri kamar bargo. Na samu wata doguwar riga ta leda-leda mai sheƙi, na sa ta yini ɗaya, ta manne mini a jiki, ƙuraje suka feso mini a wuya. Muka koma kan kayan lefe muka warware ɗinki don a ƙara faɗi, muka tarar babu abin ƙarawa, ni da bakina na sa aka datse.

Ana cikin haka aka sa ranar bikin ɗiyar ƙanen Inna, a nan cikin Dakoro. Dangi za su zo daga Bader Goula da Azagor. Nan fa faccalata ta daina yi mini dariya, don ƴan garinsu za su gan ta, kuma ba ta son su koma su ce an kai ta birni ta lalace. Muka zama mu biyu masu damuwa ɗaya. Kullum da yamma muna zaune a inuwar itacen bedi muna tsinke zogale muna lissafa kayan da ba su shigarmu.

Inna dai ba ta taɓa furta kalmar ciki a gabana ba, ni ma ko da wasa ban taɓa bari mu haɗa ido a kan maganar ba. Na fari ne, da kunya. Wata la'asar ta aiko a kira mu. Muka shiga muka durƙusa, ni da ƙyar, faccalata da ƙyar ƙwarai. Inna ta jawo akwatinta na ƙarfe, ta ciro makulli daga bakin zanenta ta buɗe. Ƙamshin turaren wuta da na ajiya ya cika ɗakin. Ta fito da manyan riguna biyu na maza, shadda shuɗiya mai ruwan sararin sama, da aikin zare fari a ƙirji, kowace da wandonta. Na san su a hoto. Anko ne da ƴaƴanta biyu suka yi lokacin da mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga Makka. Tun daga nan sai jefi-jefi da salla suke sawa, don maigidana ya ce babbar riga ba ta tafiya da moto.

Inna ta ɗora mana su a cinya tana kallon bango.

"Ruwan bana yana tsuke kaya," in ji ta. "Na ga naku duk sun tsuke. Ku kai wa mai keke waɗannan ta gyara muku."

Faccalata ta tambaya a hankali ko masu rigunan sun sani. Inna ta ce ragonta ta sayar ta sayi shaddar, wanda ke da magana ya zo ya same ta. Muka yi godiya muka fito a natse. Muna shan kwanar rumbu muka toshe baki da rigunan, dariya na neman kayar da mu.

Mai keke wata dattijuwa ce a bayan gidanmu, mai keken ɗinki na ƙafa, wadda ta saba da ɗinkin yara da facin zannuwa. Da muka baje mata rigunan sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Daga nan ta shiga aiki da gaske. Ta rufe gefunan nan biyu da suke a buɗe, ta bar wurin hannu mai faɗi. Ta rage tsawon, abin da ta yanke ta fitar mana da kallabi. Ta ce in kawo rigunan lefen da na warware, ta zaɓi wata atamfa mai ruwan goro ta yanka siri-siri ta bi bakin hannu da wuya da ƙasa da ita, don kada a ce namiji ne ya taho. Ta faccalata kuma aka bi ta da ja. Wandunan ta farke su ta mai da su siket, ta bar zariyar yadda take, ta ce kullum ciki ya ƙaru sai a sassauta. Aikin ƙirji da aljihun ba ta taɓa su ba. Ladanta kwanon gero ne da ragowar ƙyallayen.

Ba zan manta da ranar gwaji ba. Na zura kai, rigar ta sauko mini har idon sawu, sai na ji iska ta shiga ta hannun dama ta zaga bayana ta fita ta hagu. Watanni ban ji haka ba. Na ɗaga hannu sama, babu abin da ya yi ƙara. Na zauna, na tashi, na juya. Faccalata ta shiga tata ta tsaya a gaban guntun madubin mai keke, ta ce ashe haka maza ke jin daɗi suka yi shiru ba su faɗa mana ba. Mai keke ta fara kaɗa bayan kwano da almakashi, mu kuma muka hau rawa a ɗan ɗakin nan, ciki na gaisawa da ciki.

Aljihun shi ne abin da ya fi burge ni. Hannu ke shiga har gwiwa. Lokacin kwaɗayin cuku ya kama ni, da tsamiya, da goruba. Duk na zuba a ciki, har da salula da alli, kuma babu mai ganewa.

Muka ɓoye rigunan har safiyar ɗaurin aure. Da hantsi na ji maigidana da yayansa sun tsaya ƙofar Inna suna gaishe ta. Yayan ya ce sun zo karɓar manyan rigunansu ne, yau ranarsu ce. Inna ta miƙo makulli ta ci gaba da jan carbi. Ina leƙe ta labule, na riga na shirya, na kafa kallabi, na sa kwalli. Na ji akwati ya buɗe, na ji ana ɗaga kaya ana mayarwa, na ji yayan yana cewa ko dai a ƙasa suke. Faccalata ta yi mini alama daga ƙofarta. Muka fito tare, muka ratsa tsakar gida a hankali, muka durƙusa muka gaida Inna muka ce mun shirya.

Mazan suka fito daga ɗakin suka tsaya. Maigidana ya zagaya ni sau ɗaya, ya sunkuya ya dubi wani ɗan tabo a bakin aljihun.

"Wannan ƙunar," ya ce, "garwashin shayi ne ya yi mini ita."

"Allah sarki," na ce. "Ai ba ta fito sosai ba."

Ya dubi mahaifiyarsa. Inna ta ce rana na yi, kada a ɗaura ba su. Yayan ya ce to, Inna. Suka koma suka sa kaftanin Juma'a suka fita. A zaure na ji maigidana ya fashe da dariya, yayan yana ce masa ba abin dariya ba ne, daga baya shi ma ya kama.

A gidan biki kuwa mun sha kallo. Shaddar nan tsohuwa ce mai kyau, irin wadda ke ƙara sheƙi in ta kwana biyu, ga shi mun sa an buga ta. Mata suka yi ta shafawa suna tambayar inda aka yi ɗinkin. Faccalata ta ɗaga kai ta ce sabon yayi ne, bai ma iso nan ba tukuna. Ƴan Bader Goula suka kewaye ta suna cewa lallai birni ya karɓe ta. Muna cikin jin daɗinmu sai wata tsohuwa daga Azagor, ƙanwar kakar amarya, ta matso ta ƙura wa ƙirjina ido. Ta ce ita dai tun tana yarinya ta san wannan aikin, kuma a ƙirjin maza ta san shi. Kafin in yi magana ta zura hannu cikin aljihun, ta lalubo, ta fito da cuku. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta gutsura, ta mai da sauran.

Tsakar gidan ta kaure da dariya da guɗa. Asirinmu ya tonu, amma maimakon a yi mana ba'a sai tambayoyi suka canza. Ina mai keken take? Rigar kowane irin yadi za ta yi? In mijin gajere ne fa? Da masu kiɗa suka fara, faccalata ta shiga fili da cikinta wata tara, ta buɗe hannuwa, rigar ta baje, ta yi juyi biyu kafin Inna ta aiko a ce mata ta zauna haka nan. Ni ban yi rawa ba, kunya ta hana, amma na tsaya a inda kowa zai gan ni.

Bayan bikin mai keke ta rasa lokacin facin zannuwa. Masu ciki na unguwarmu suka yi ta zuwa da ƙunshi a ƙarƙashin hijabi. Maigidana ya riƙa dawowa daga fadarsu ta shan shayi da labari. Wai an ce gidanmu ne ya jawo wa maza bala'i. Wai wani dillalin shanu ya haɗa makullin akwatinsa da na motonsa, duk inda ya je yana tare da shi. A lakwal ma darektanmu ya tsai da ni a bakin ofis, ya yaba rigar, sannan ya ce cikin murya ƙasa-ƙasa matarsa ko cikin ba ta da shi amma tasa babbar rigar ta tafi.

Ba a daɗe ba faccalata ta haihu, namiji. Ta shiga wankan jego, aka bar ni ni kaɗai a inuwar bedi. Sai a lokacin tsoro ya fara zuwar mini. Na ji nishinta ranar, na ga yadda aka fito da ita a jigace za a kai ta asibiti, kuma na san layi ya zo kaina. Nakan shiga ɗakinta in zauna kusa da ita. Ita kuma ta miƙo mini jaririn ta ce in riƙe in saba, ta ce abin da wuya amma yana wucewa, sa'an nan ta tambaye ni ko da sauran goruba a aljihun.

Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, ƙafafuna kuma suka kumbura har takalmana masu tsini suka ƙi shiga. Sajfam, ungozomar asibiti, ta auna ni ta ce ba komai, in rage gishiri in riƙa ɗora su a kan matashi. Kwana biyu ina zuwa lakwal da silifas ɗin wanka a ƙarƙashin shadda, raina a ɓace. Ranar kasuwa da yamma maigidana ya shigo da ƙunshi a hammata. Takalman fata ne irin na Buzaye, masu faɗi kamar faifai, da ado ja da kore, ya saya wurin wani baduku da ya zo daga Azagor. Ya ajiye su a gabana ya ce in gwada. Suka zauna daidai, har da sauran wuri. Na tashi na taka zuwa bakin randa na dawo, suna ƙara ƙyaf-ƙyaf, na sake komawa don in ji ƙarar.

Na yi masa godiya, na ce ban san ya lura ba. Ya ce ya lura mana, tun shekaranjiya ya ga ina kallon nasa takalman na zuwa masallaci.