Tandun Kaka Ya Je Anacha

Tandun na fara gani. Ina neman allura a akwatin kakana, Kaka Nomau, sai ga ɗan tandun kwalli irin na mata, an ɗaure bakinsa da jan zare. Na san ya yi yaƙin basasar Najeriya, don daga ci-rani shi da ƙanensa Ɗan Tani suka shiga soja. Ni kuwa littattafan soyayya suka rene ni. Nan take na haɗa labari: wata kyakkyawa a Kudu, ana harbi, tana miƙa masa tandu tana kuka.

Saboda haka da ya ce zai je Anacha, idonsa kuma ya yi rauni, na ce ni zan ja shi.

Madarunfa zuwa Kano

Bayan asuba muka hau mota. A duwan na Ɗan Issa, wato kwastan na kan iyaka, jami'i ya tambayi Kaka abin da zai kai shi.

"Ɗauko yaro za ni."

Wane yaro? Wato har ɗa suka haifa? Na juya na kalle shi.

"Tsoho, ashe kishiya gare ni har da goyo?"

"Amarya, kin cika surutu. Riƙe mini sanda."

Muka wuce Jibiya da Katsina, muka ci waina a tasha, la'asar ta yi mana a Kano.

Kano zuwa Asaba

Babbar mota ce ta 'yan kasuwa. Kaka ya yi ta kiran garuruwan da suka yi faɗa: Benin, Asaba, Abagana inda aka ƙone musu motoci. Sai ya koma baya, ya ce a'a, Abagana daga baya ne. Na rasa wanne ne farko, wa ya ci, wa ya gudu. Ina ta jiran sunan mace, bai fito ba.

Bayan Lokoja ya gaya mini gaskiyar maganar. An karya gada, aka zuba su a jiragen ruwa su ƙetare zuwa Anacha, aka buɗe musu wuta. Jirgin Ɗan Tani ya nutse. Gidanmu na Gabi asalinsa anna ne, masu addinin gargajiya, kuma a wurinsu wanda ya mutu a ruwa ba ya komawa gida sai an ɗebo ruwan wurin. Tandun na uwarsu ne. Ita ta ba Kaka don ya ɗebo ruwan, har ta rasu tana jira.

Kyakkyawar tawa ta watse. Ban san ko kunya nake ji ko haushi ba.

Bakin kogi

Kaka ya tsaya yana juya kai. Benaye, tireloli, masu ɗibar yashi.

"Nan ne?" ya tambaye ni, kamar ni na yi yaƙin.

Wani Bahaushe mai kwalekwale ya saurare mu. "Baba, ruwan da ya ci ƙanenka ya daɗe a teku. Wannan ma ta Yamai ya biyo, daga ƙasarku."

"To ai ya san mu ke nan," in ji Kaka. "Ɗiba, amarya."

Na duƙa na cika tandun. Shi yana kiran sunan ƙanensa a hankali, ni ina karanta Fatiha, ban san ko ya halatta in haɗa su ba.

Komawa

A duwan na Ɗan Issa jami'i ya ce in buɗe tandun. Ba ko ɗigo. Fatar ta tsufa, ruwan ya tsiyaye a hanya. Na mayar da murfin, na miƙa wa Kaka kamar ruwan yana nan.

A Gabi, gindin tsamiyar da aka binne uwarsu, Kaka ya karkata tandun.

"Ya zuba?"

Tsofaffin gida suna kallona. "Ya zuba," na ce.

Muka gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, muka gode wa 'yan'uwan da suka tare mu da fura.

Kaka ya ƙara damina da dama, idon ya rufe gaba ɗaya. A ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna.

"Amarya, tun Zariya na ji aljihuna ya jiƙe. Can Ɗan Tani ya sauka. Lokacin da ake koya mana bindiga a garin, akwai wata mai ƙosai da yake bi."

"Tsoho, da gaske kake ko tsokana?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tandun aka binne shi, gefen uwarsa.