Tumbun Isufu

Shitu, Allah ya jiƙansa, ɗan Tafkin Chadi ne. A tafkin nan, in ruwa ya janye tudu ya fito, duk wanda ya fara kafa bukka ya hura wutar bandar kifi, da sunansa ake kiran wurin. Irin wannan tudun tumbu suke ce masa. Haka mahaifinsa Isufu ya samu nasa, Tumbun Isufu, kuma can aka yanke wa Shitu cibiya. Yakan ce ruwan daɗi ne, kana cikin kwalekwale sai ka kamfata ka sha. Daga baya ruwa ya dawo ya shanye tudun, mutane suka watse, tsohon ya rasu. Sunan bai saura a bakin kowa ba sai nasa.

Neman abinci ya kawo shi nan ƙasar waje, Xintang, garin masana'antun wando, yana duba ɗinkin wandunan jins na Alhaji Abdulrasheed kafin a ɗaure dila. Mutum ne mai kunya. Abu ɗaya ya taɓa roƙa: a buga sunan tudun a fatar bayan wando, ko na kwantena ɗaya ne, wataƙila wani ɗan Baga ya gani a kasuwa ya tuna.

Alhaji, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga ba, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Kai Shitu, wa zai sa wando mai ƙarnin kifi? Milano muke bugawa."

Shitu ya sunkuyar da kai ya koma kan aikinsa. Daga baya ciwon hanta ya kwantar da shi a ɗakin da muke zaune tare a unguwar Panyu, a hannuna ya cika. Har yau ban iya ɗage katifarsa ba.

A wajen ta'aziyya Alhaji ya matso hawaye, ya yi alkawari gaban jama'a zai cika burin yaronsa. Sai dai sunan tudun ya ɓace masa, girman kai kuma bai bar shi ya tambaye mu ba. Ya ce wa laoban, mai masana'antar, a sa tafki kawai. Laoban ya lalubo hoto a waya: shuɗin ruwa, duwatsu, ƙanƙara fara fat. A ƙasa aka rubuta Shitu Chad.

Wandon ya yi kasuwa a gida, a Kantin Kwari. Alhaji har ya ƙara oda, yana gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi cewa sadaka mai gudana ya yi wa marigayi.