Zabon da Ya Shafa Toka

Iya, kakarmu ta wajen uwa, ba ta fara tatsuniya sai an amsa mata. Da an idar da sallar isha'i a gidanmu na Gezawa, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, ta tura ɗanyar gyaɗa cikin rushi, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo mu ji ta." Haka nata salon yake, daban da na sauran tsofaffin unguwa. Idan kuwa mutum ɗaya ya yi shiru, ko don fushi ko don gyangyaɗi, to wallahi Iya ta tsuke bakinta ke nan. Cewa take baƙuwa ba ta shiga gidan da wani bai yi maraba da ita ba. Ƙanina Nura ya sha ranƙwashi a hannuna saboda haka, don shi ne gwanin cika baki da gyaɗa daidai lokacin amsawa.

Wadda muka fi roƙonta ita ce ta zabon da fari ya koro daga daji ya shigo garin kaji. Kaji suka ce sun yarda ya zauna, amma zanen jikinsa yana ɗauke musu ido, kukansa kuma yana hana su barci. Zabo ya ce wannan mai sauƙi ne. Kullum da asuba sai ya yi birgima cikin toka har zanen ya ɓace, ya daina kukan gidansu, ya koyi na kaji. Da ya samu 'ya'ya, na kaji kaɗai ya koya musu. Ana nan sai uwarsa ta zo daga daji ganin jikoki. Tana zaune ta hango shirwa ta yo ƙasa, ta ƙwalla kukan da kowane ɗan zabo ya san ma'anarsa, wato a ɓuya. Jikokin suka tsaya suna kallon bakinta. Shirwa ta sure ƙaramin ta yi sama. A nan Iya takan ƙanƙance murya ta kwaikwayi kaji: "Ayya, Allah ya ƙara haƙuri. Ai dama ɗan zabo ne, ba namu ba." Sai ta karkaɗe zaninta ta ce baƙuwa ta ɗau takalminta. Muna yara haushin kaji muke ji, har Nura ya taɓa jifan kazar maƙwabta da hoge saboda wannan labari.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni yanzu ina Dubai, ina aiki a wani ofishin kago a lungunan Naif, inda 'yan kasuwarmu na Kano ke kawo jakunkuna da takalma mu ɗaure mu aika gida. Nura kuwa karatu ya kai shi Amurka, ya samu aiki, ya samu fasfon ƙasar, ya zo ya auri 'yar Zariya ya tafi da ita. Suka haifi 'ya mace aka sa mata sunan Innarmu, muna ce mata Ummi. Shekararta tara Inna ba ta taɓa ɗora hannu a kanta ba. Sau biyu Inna na neman biza ba ta samu ba, ga ciwon ƙoda ya fara cin ta. Shi ne a 2019 na ce kowa ya taho Dubai a haɗu a tsakiya: Inna ta ga likita, ta kuma ga takwararta. Kwana shida kacal Nura ya samu, kuma dukanmu mun san da wuya a sake irin wannan haɗuwa.

Ranar farko da yamma muna zaune a falona da ke unguwar Muraƙƙabat, babu murhu sai sanyin na'ura, na soya gyaɗa a kasko don dai a tuna da. Inna ta jawo yarinyar jikinta, ta shafa kitsonta, ta yi gyaran murya irin na Iya sak, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Ni da Nura da matarsa muka amsa. Ummi ta yi murmushi ta kalli ubanta. Inna ta maimaita. Shiru. Ta sake, a karo na uku, a hankali kamar mai lallashin jariri. Yarinyar ta tambayi uban da Turanci me tsohuwar take so. Inna ta sauke hannunta ta ce a kawo mata maganinta.

Raina ya ɓaci, ɓacin da har yau ban manta da shi ba. Na ja Nura kicin na tambaye shi ashe ko "sannu" yarinyar nan ba ta sani ba, uwa Bahaushiya, uba Bahaushe? Ya shiga kame-kame. Wai malamarta ta ce harshe biyu na rikita yaro. Wai wata rana a gidan mai, wani mutum ya ji Nura da matarsa suna Hausa ya daka musu tsawa su koma inda suka fito, yarinyar na bayan mota tana kuka. Tun ranar ya hana Hausa a gidansa, yana so ta tashi cikakkiyar 'yar ƙasa, kada kowa ya riƙa tambayarta daga ina take.

Na ce, "To an daina tambayar?"

Ya ce ba a daina ba. Ashe ko shi da ya shekara goma sha biyu yana biyan haraji yana jefa ƙuri'a, da wuya mako ya wuce ba a tambaye shi asalinsa ba. Da bakinsa kuma ya ce 'ya'yan maƙwabtansa 'yan Meziko da Somaliyawa suna yaren iyayensu a titi, kuma su ma 'yan ƙasa ne, ba wanda ya karɓe musu fasfo. Na ce masa ni nan ko shekara hamsin zan yi ba mai ba ni takardar zama ɗan ƙasa, ranar da bizata ta ƙare, kalas, shi ke nan, sai filin jirgi. Amma daga ƙofar ofis zuwa tashar jirgin ƙasa ina jin yare ya fi goma, ba wanda ya ajiye nasa a gida. Kai da aka ba takarda, wace doka ce ta ce ka yanke wa 'yarka harshe? Tsawar mutum ɗaya a gidan mai?

Kwana huɗu ina koya wa Ummi kalmomi biyar ɗin nan na amsa tatsuniya, a tasi, a asibiti, a layin sayen shawarma. Yarinya ce mai kaifin kai, Allah ya sani, laifin ba nata ba ne. Ranar ƙarshe Inna ta sake gwadawa ba tare da ta sa rai ba, sai ga wata 'yar murya a karkace: "Ta shigo mu ji ta." Inna ta rufe fuska da mayafi ta daɗe a haka. Sannan ta fara ta zabo, tana faɗa Nura na juya wa 'yarsa zuwa Turanci.

Da aka zo wajen shirwa sai na ga yarinyar ta yi dariya har da tafi. Turancina na kasuwa ne, amma na ji abin da ya ce: wai kaji sun taru sun kori shirwa, ɗan zabo ya tsira, kowa ya zauna lafiya. Inna ba ta jin Turanci, amma ba a yi mata wayo a tatsuniyar uwarta.

"Nura, me ka ce mata? Ni ban taɓa ganin wanda ya yi dariya a nan wurin ba."

Ya ce yaran can ba a ba su labari mai ban tsoro. Inna ta juyo gare ni ta ce, "Rabi, faɗa mata yadda aka yi." Na faɗa mata da guntun Turancina, har da abin da kaji suka ce bayan an ɗauke shi. Ummi ta juya ta tambayi ubanta wani abu, shi kuma ya tashi ya fita baranda. Inna ta ce in gaya mata me yarinyar ta ce. Na ce tambaya ta yi, me ya sa babansu bai koya musu kukan ba.

Inna ta rasu a shekarar da ta biyo baya, lokacin da annoba ta rufe hanyoyi, daga ni har Nura ba wanda ya samu jana'iza. Da ina yarinya na ɗauka Iya kaji take zagi. Har yanzu ina jin haushinsu, don sun sa baƙo ya shafe zanensa kuma ba su fasa kiransa baƙo ba. Amma yanzu na lura ba kaza ko ɗaya da ta riƙe zabon nan ta tura shi cikin toka, da ƙafarsa yake zuwa kowace asuba. Ummi takan aiko min da saƙon murya ranar Juma'a, ta ƙaru da 'yan kalmomi, har ta iya gaisuwa da tambayar gajiya. Sai dai duk abin da ita da takwararta suka taɓa faɗa wa juna a duniyar nan ba tare da tafinta ba, kalmomi biyar ne, kuma ni na koya mata su a bayan tasi.