Yakaka Mai Gumi da Rijiyar Ruwan Zafi

Duk wanda ya ci shinkafar ƙauyenmu, nan bayan Auyo, ya ci aikin hannun Yakaka. Tun tana amarya take gumi: ta jiƙa shanshera a ruwan zafi ta kwana, ta turara, ta shanya, sannan a kai inji. Da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. A bakin murhun nan kuma hayaƙi ya ci mata ido, har likita a Haɗeja ya ce in ba ta rage zama a hayaƙi ba, to ta fara neman ɗan jagora.

Shekarar da ambaliya ta ɓata mana rijiyoyi, aka haƙa mana burtsatse mai zurfin gaske. Ruwa ya taso da kansa, yana tururi. Maza suka taɓa suka janye hannu, suka ce an cuce mu, ko alwala sai an jira buta ta huce. Yakaka kuwa ta mirgino duronta bakin famfo. Jiƙo ya daina cin itace, sai wutar turarawa kawai, ita kuma ba ta daɗewa. Kafin wata damina, matar nan da kanta take zura zare a allura.

Sai ga masu bincike da abin awonsu. Suka ce zafin daga can ƙarƙashin ƙasa yake, kuma a wasu ƙasashe da irin wannan ruwa ake yin lantarki, in ya fi haka zafi. Wannan ƙarshen maganar babu namijin da ya ji shi. Washegari Ya'u, ƙanin mijin Yakaka, shugaban kwamitin ruwa, ya ɗaure famfon da sarƙa ya sa kwaɗo. Ruwan sha kuwa, aka ce mu je tuƙa-tuƙan masallaci.

Ina tsaye Yakaka ta tare shi.

"Kai miji, buɗe min, shansherata na jira."

"Haƙuri za ki yi, matar Yaya. Zafin nan na gari ne. In kuka kwashe shi a duro, da me za a kunna mana wuta?"

"Rumbu ne da zai ƙare? Ba kai ka ce an cuce mu ba?"

"Lokacin ba mu san dukiya ba ce."

Ta mirgina duronta ta koma gida, ta aika a kira mai itace.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Masu bincike ba su dawo ba, kwaɗo ya yi tsatsa, zafi yana nan a adane, babu wanda ya taɓa wa gari dukiyarsa. Ran kasuwa na shiga gidanta sayen shinkafa, na same ta cikin hayaƙi tana goge ido da gefen zane. Sai da na yi magana ta gane ni.

Ya'u dai ba shi da rowa. Ya yi alkawari a gaban mutane, ranar da wuta ta zo, ɗakin Yakaka za a fara saka wa ƙwan lantarki.