Tambayar da Minji ta yi min a Dokki

Yau a ƙofar ajinmu na Larabci na tarar da Minji, ɗalibar da jami'arsu ta turo daga Koriya, takardar sakamako a hannunta. Ita ta zo ta ɗaya, amma mamanta na ta kiran wayarta ta ƙi ɗauka.

Na ce, "Haba Minji, ai kin ci!"

Ta ce, "Maki huɗun da na rasa za ta tambaya." Sai ta tsare ni da ido. "Ke da kika faɗi, na ji kin ce alhamdulillah. Har zuciyarki, ko bakinki ne ya saba?"

Ni ma har yanzu ban gaya wa Baba na faɗi ba.

Tsakani da Allah, ku me za ku ce mata?