Faifan Baffa Ya Zama Agogo

Shekarar da muka baro Sudan, tun ba a yaye jikana Sadi ba, na iso unguwar Hayyin Ashir da faifan garmahon Baffana naɗe a zane. Da yana raye, Baffa kan goge shi da hannun riga, ya sa sabuwar allura, ya ce, "Shiru, mamaci zai yi waƙa." Sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, sannan murya ta fito.

Jiya na tarar Sadi ya shafe faifan da fenti, ya mai da shi agogon bango.

Wai, "Ma'alish, Hajiya, yi haƙuri, ai ba mu da garmaho."

Ma'alish ɗin gidanku! Cikin waɗanda suka ji muryar nan, saura ni da ƙanwata Ladi, ita ma ta kurmance. Allah ya jiƙan Baffa, ya shiryi yaron nan kafin in kama shi.