Ranar da Koci Tarver Ya Zauna a Kan Hula

Wendell Tarver bai taɓa iya gudu ba, kuma matarsa Odessa ba ta gajiya da tuna masa. Lokacin da yake buga wa ƙaramar kwalejinsu ta Mississippi ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a yi ta karo da juna, aikinsa tare hanya ne: ya kafa ƙirji, ƙarti su yi karo da shi su zube. A wancan zamani, in aka bugi yaro a ka har idonsa ya juye, sai a shaƙa masa wani abu mai yaji a hanci a sake tura shi fili. Shi kam an yi masa haka ba adadi. Da ya gama karatu ya zama mataimaki, daga baya babban koci, ya share shekaru yana ihu a bakin layi har muryarsa ta dushe.

Sai nasara ta fara yi masa wuya. Shugaban kwalejin bai yi kwana-kwana ba: wasan ƙarshe da maƙwabtansu, abokan gabarsu na gado, ko ya ci ko ya tattara nasa ya nasa.

Ran Asabar da rana filin ya cika maƙil, ƙamshin soyayyen kifi ya gauraye da kiɗan 'yan badujala. Odessa na kujerarta ta kullum. Yaran Wendell na kan gaba da ƙyar sa'ad da wani ƙato ya turmushe Terrence Boykin, mai jefa musu ƙwallo, kansa ya daki ƙasa. Yaron ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi bencin abokan hamayya, sai da aka juyo da shi.

Doka ce, ba mai shiga fili ba hular kwano. Wendell ya zare ta daga kan yaron, ya kifa ta a ƙasa, ya zauna daram a kai.

"Koci, ba ni hulata! Lafiyata ƙalau, na rantse!"

"Lafiyarka ƙalau? To benci biyu ne, wanne ne namu?"

"Haba Koci, korar ka fa za su yi!"

"Kai aka ce za a kora? Nemi wuri ka zauna."

Mutane suka yi caa a kansa. Wani tsoho a bayan Odessa ya ƙwala ihu, "Tarver, kwancin ƙwai kake yi? Tashi ka ba yaro hularsa!" Ko gezau. Yana zaune yana kallon wanda ya canji Terrence yana ta jefa ƙwallo hannun abokan gaba. Odessa ta san gwiwoyinsa ba sa jure zaman ƙasa, ta kuma san ba shi da wata sana'a a duniya. Ta daɗe da sanin taurin kansa, amma ba ta san ya kai nan ba.

Aka cinye su. Shugaban kwalejin ya wuce su ko kallo babu, kowa ya gane aiki ya ƙare.

A wajen ajiye motoci suka tarar da Terrence jingine da mahaifiyarsa. Yana ganin Wendell sai yaron ya gyara tsayuwa.

"Koci, wai yaushe za a fara wasan?"

Mahaifiyar ta toshe baki. Wendell ya dafa kafaɗarsa.

"An gama, ɗana. Shiga mota, asibiti za mu."